Yadda ake maido da kujeru da rumfar motocin da suka shekara ɗari

A garejojin da ke gyaran motocin tarihi a Faransa, Beljiyam da Amurka, injin ba shi ne ya fi ba masu gyara wahala ba. Ƙarfe yana jure shekaru, kuma in ya lalace ana iya ƙera wani a madadinsa. Abin da ke saurin mutuwa shi ne fatar kujeru, gashin dokin da aka cusa a cikinsu, da yadin rumfar da ake naɗewa a baya. A nan ne tarihin mota yake tsira ko ya salwanta, domin abin da aka yage aka jefar ba ya dawowa.

Wace irin mota ake magana a kai

Kafin tsakiyar shekarun 1920, yawancin motocin da ke yawo a duniya buɗaɗɗu ne. Suna da kujeru layi biyu, gilashi a gaba, da rumfar yadi da ake ɗagawa in rana ta yi zafi ko ruwa ya sauko, a naɗe ta in gari ya yi daɗi. Gefensu babu tagogin gilashi. Faransawa suna kiran wannan siffa torpédo, rumfar kuma suna ce mata capote. Mota mai rufaffen ɗaki a lokacin ta masu hannu da shuni ce.

A Amurka, Ford Model T ce ta yaɗa wannan siffa. An fara ƙera ta a 1908, aka daina a 1927 bayan an fitar da fiye da miliyan 15, kuma samfurin mai rumfa da kujeru layi biyu shi ya fi kasuwa. A Faransa, André Citroën ya fito da motarsa ta farko, Type A, a 1919 daga masana'antarsa ta Javel da ke birnin Paris. Ya sayar da ita a kammale, da rumfarta da fitilun lantarki da tayar safiya, a zamanin da wasu kamfanoni ke sayar wa mutum inji da ƙashin mota kawai, shi ya nemi mai yi masa bodi. A 1921 samfurin B2 ya gaje ta, aka ƙera kusan dubu 90.

Wannan B2 tana da alaƙa da yankinmu. A kan injinta aka gina motoci biyar masu tayoyi a gaba da sarƙar roba a baya, waɗanda suka bar Touggourt a Aljeriya ranar 17 ga Disamban 1922 suka isa Tumbutu ranar 7 ga Janairun 1923, ƙarƙashin jagorancin Georges-Marie Haardt da Louis Audouin-Dubreuil. Ayari na biyu, mai motoci takwas, da aka fi sani da Croisière noire, ya tashi daga Colomb-Béchar a watan Oktoban 1924, ya ratsa Yamai da Damagaram, ya kai Fort-Lamy, wato Njamena ta yau. 

Irin waɗannan motoci yanzu suna gidajen tarihi, kamar na birnin Mulhouse mai motoci sama da 400, ko a hannun masu sha'awa da ke baje su a taron Rétromobile da ake yi a Paris tun 1976. Wanda ke gyara musu kujeru da rumfa ana kiransa sellier garnisseur. Kalmar sellier asalinta mai yin sirdi ce, domin sana'ar ta fito daga dukancin kayan doki da kekunan doki, kuma har yau kayan aikinta da yawa ba su canja ba.

Tambayar farko: a adana ko a sake

Kafin a ciro ƙusa ko ɗaya, mai mota da mai gyara sai sun zauna sun yanke shawara. Shin wannan tsohuwar fata za a iya ceto ta, ko kuwa sai an yi sabuwa?

Shekaru da dama amsar guda ce: a tuɓe komai, a sa sabo fil, motar ta fito tana ƙyalli fiye da ranar da ta bar masana'anta. Ta wannan hanya an yi asarar kujerun asali masu yawa, tare da bayanin da ke cikinsu na yadda aka yi ɗinki da irin kayan da aka yi amfani da su. Yau tunanin ya sauya. Ƙungiyar ƙasa da ƙasa ta tsofaffin motoci, FIVA, wadda aka kafa a 1966, ta fitar da wata yarjejeniya da ake kira Charte de Turin, ta fara aiki a farkon 2013. Ta ɗauki tsohuwar mota a matsayin kayan tarihi kamar tsohon gini. Tana neman a bar abin asali muddin zai yiwu, a girmama alamun tsufa da na amfani, a rubuta duk abin da aka taɓa, kuma sabon da aka ƙara ya zama ana iya gane shi, ana iya cire shi ba tare da ɓarna ba.

Kasuwa ma ta bi wannan hanya. A gasar motocin tarihi ta Pebble Beach da ke jihar Kalifoniya, akwai rukuni na musamman na motocin da ba a sabunta ba. A 2024, karon farko a tarihin gasar, babbar kyauta ta tafi ga mota daga wannan rukuni, wata Bugatti Type 59 ta 1934, da tsohon fentinta da tsohuwar fatarta. Hausawa sun riga sun faɗa, da tsohuwar zuma ake magani.

Sai dai ba kowace kujera ke cetuwa ba. In fatar ta bushe ne kawai, ta tsattsage sama-sama, ko ɗinki ya warware, ana iya tsabtace ta a hankali, a manna siririn yadi ko fata ta ciki inda ta yage, a sake ɗinki ta cikin tsoffin ramukan allura. Amma akwai cutar da ke kama fatar da aka jeme da ɓawon itace, inda take zama jan gari da an taɓa ta. Wannan ba ta da magani, kuma shafa mai ba ya ƙara mata komai sai baƙi da danƙo. Haka nan motar da za a riƙa hawa kowane mako ba ɗaya take da wadda za ta tsaya a gidan tarihi ba. Wasu masu motoci sukan raba gardama: su cire tsoffin matasan kujera su adana, su sa a ɗinka wasu sababbi na yawo.

Rumfa kam da wuya a samu ta asali. Ita ce ke shan rana da ruwa, kuma a zamanin da motar ke aiki ma akan sake ta bayan ƴan shekaru. Abin da ake samu galibi rumfa ta biyu ce ko ta uku, don haka sai an bincika ko wanda ya yi ta ya bi siffar asali.

Kwancewa: tsumma shi ne malami

Masu sana'ar suna da ƙa'ida guda da ba sa karyawa: ba a jefar da komai sai aiki ya ƙare. Tsohuwar fatar da ɓeraye suka ci, wadda mai mota ke ƙyamar taɓawa, ita ce ke faɗa wa mai ɗinki faɗin kowane ninki, tsawon kowane ɗinki, da inda aka buga kowace ƙusa.

Ana fara da ɗaukar hoto ta kowane gefe, da awo a rubuce. Daga nan a riƙa cire ƙananan ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya da ɗan ƙarfe mai baki biyu, ana bin jijiyar katako don kada ya tsage. Kowane shimfiɗi da aka ɗaga ana ɗaukar hotonsa kafin a shiga na ƙasansa, a rubuta masa lamba da alli, a nuna ina ne gaba ina ne baya. Inda kujerar ke da gefe biyu iri ɗaya, akan kwance gefe guda a bar ɗayan a ɗinke, don ya zama abin dubawa.

Launin asali kuma ba a sama ake ganinsa ba, domin rana ta riga ta cinye shi. Ana nemansa a ƙarƙashin ninki ko bayan datsin da ya rufe ƙusoshi, inda haske bai taɓa shiga ba. Sau da yawa kujerar da kowa ke ɗauka ruwan ƙasa ce, sai a tarar asalinta ja ce ko koriya.

Aikin yana da ƙura da kashin ɓera da funfuna, shi ya sa ake rufe hanci da baki, a yi shi a wuri mai iska.

Katako kafin fata

Wanda bai san waɗannan motoci ba zai yi mamakin jin cewa bodinsu katako ne. A Type A da B2, kamar a Ford ta farko, kafinta ne ke haɗa ƙashin bodi da itace, sa'an nan a lulluɓe shi da fallayen ƙarfe da ake bugawa da ƙusa. A Turai an fi amfani da itacen da Faransawa ke kira frêne, saboda yana da ƙarfi kuma yana lanƙwasuwa ba tare da ya karye ba. Sai a 1924 Citroën ya fito da B10, mai bodin ƙarfe zalla, da fasahar kamfanin Budd na Amurka.

Fatar bayan kujera da gindin rumfa duk a jikin wannan katako ake buga su, a wata sanda da ta zagaye bakin bodi. Bayan shekara ɗari, da sake rufi sau biyu ko uku, sandar takan cika da ramuka har ƙusa ta daina kamawa. Wani wuri ruwa ya ruɓar da ita, wani wuri ƙwari sun huda. In ɓarnar kaɗan ce, ana cike ramukan da ƴan tsinken katako da gam. In ta yi yawa, sai kafinta ya sassaƙa sabuwa daidai da lanƙwasar tsohuwar.

Dalilin da ya sa wannan ke zuwa farko a fili yake. Rumfar da aka ja da kyau tana jan katakon da ƙarfi, iska kuma tana ƙara mata ja in mota na tafiya. Sabuwar fata a kan ruɓaɓɓen katako ba ta wuce damina ɗaya. Don haka jerin aikin ba ya canjawa: kafinta da maƙeri su gama, a daidaita ƙofofi da gilashin gaba, mai fenti ya gama, sa'an nan mai ɗinki ya shigo.

Abin da ke cikin kujera

Kujerar motar 1920 ƴar'uwar kujerar falon zamaninta ce. A ƙasa akwai firam na katako ko na waya. A kansa ake jera sifirin masu siffar kalangu, faɗi a sama da ƙasa, tsukakke a tsakiya. Ana ɗaure su da igiya ko a haɗa su da ƴan wayoyi, ta yadda in mutum ya zauna a kan guda, na kusa da shi su taya shi ɗaukar nauyi. Sifirin da ya karye ko tsatsa ta cinye ana sake shi da mai tsayi da kauri iri ɗaya. Sauran a kankare su, a shafa musu fenti.

A kan sifirin ana shimfiɗa algarara, a ɗinke ta da su don kada su huda abin da ke sama. Daga nan sai ciko. Mafi daraja shi ne gashin doki, na wutsiya da na geza, wanda aka murɗe kamar igiya, aka turara, aka bari ya bushe, sa'an nan aka warware. Kowane sili yana zama ɗan ƙaramin sifirin da kansa. A motoci masu araha akan gauraya shi da gashin wasu dabbobi, ko a yi amfani da crin végétal, zaren wata gajeriyar kaba da ke fitowa a Aljeriya da Maroko. A saman gashin ana sa auduga don kada silin ya huda rufi ya soki mai zama, a rufe da farin yadi mara kauri wanda ke ba kujerar siffarta, kafin fata ta hau.

Gashin doki ba ya saurin ruɓewa. Wanda aka ciro daga kujerar da ta shekara ɗari ana iya wanke shi, a shanya, a tsefe shi da hannu ko da masaɓa, ya tashi ya koma aiki, a ƙara masa sabo kaɗan. Soso, wanda ya mamaye sana'ar tun daga shekarun 1950, ya fi sauƙin aiki da araha, amma yana da illa biyu a irin wannan mota. Yana ba kujerar kusurwoyi masu kaifi da saman da ya yi lebur, alhali ta asali kumburarriya ce mai zagaye. Kuma a wuri mai zafi yakan bushe ya zama gari cikin shekaru kaɗan.

Rufin kansa iri biyu ne. Motocin kafin yaƙin duniya na farko sun fi zuwa da wanda Faransawa ke kira capitonné, inda maɓallai ke nutsa fata cikin ciko, ninkin da ke tsakaninsu ya fitar da zane mai kusurwa huɗu a karkace. Wannan shi ya fi wuya. Ana zana wurin maɓallan sau biyu, a kan yadin ƙasa da kuma a bayan fata, amma tazarar da ke kan fata ta fi faɗi, domin sai ta hau tudun ciko ta gangara cikin rami. In rarar ta yi kaɗan fatar za ta ɗaure har ta yage a wurin maɓalli, in ta yi yawa ta yi yaushi. Ana farawa daga tsakiya, ana cusa gashi tudu bayan tudu, kowane ninki a juya bakinsa ƙasa don kada ƙura da ruwa su taru a ciki. Daga baya masana'antu suka koma ga dogayen ninki a tsaye, da ake ɗinkawa da keke a cusa musu auduga, domin sun fi sauri. Sanya zanen maɓallai a motar da ta fito da dogayen ninki kuskure ne da masana ke ganowa tun daga nesa.

Fata ko mai kama da fata

Mutane da yawa suna ɗauka cewa kowace tsohuwar mota da fata ta fito. Motocin manya haka suke, amma na talakawa tun da wuri suka koma ga yadin da aka shafa wa wani sinadari aka buga masa zanen fata. A Amurka an san shi da sunan Fabrikoid, a Ingila Rexine, a Faransa simili ko moleskine. Ford ta fara da fatar gaske, amma kafin tsakiyar shekarun 1910 ta koma ga wannan yadi. Saboda haka mai gyaran da ya sa fata mai tsada a motar da ba ta taɓa samunta ba, ya ƙawata ta, amma ya sauya mata tarihi.

In fata ce ta asali, ta saniya ake nema. Ƙirgi guda yana ba da murabba'in mita huɗu zuwa biyar, kaurinsa bayan an gyara ya ɗan wuce milimita ɗaya. Ba duk sassansa ne ɗaya ba: gadon baya ya fi ƙarfi kuma ba ya miƙewa sosai, shi ake yanka wa wurin zama, na ciki kuwa yana da taushi, ana kai shi inda ba a jan sa. Fatar wancan zamani tana da ɗan tauri da sheƙi a sama, ba irin mai laushin kujerun motocin yau ba.

A nan mai karatu zai iya tunawa da fatar jar akuyar Maraɗi da Sakkwato, wadda majema ke jemewa da bagaruwa, wadda ayari suka riƙa kaiwa arewacin Afirka har ta shiga Turai da sunan fatar Maroko. Ingancinta ba abin gardama ba ne, kuma masu ɗaurin littafi suna nemanta har yau. Amma fatar akuya ba ta cika wuce rabin murabba'in mita ba, kujerar baya kuma faɗinta ya haura mita guda, shi ya sa ba ita ake shimfiɗawa a irin wannan wuri ba.

Bakunan rumfa

Rumfa tana tsaye ne a kan sanduna masu lanƙwasa kamar baka, uku ko huɗu, wani lokaci biyar, da Faransawa ke kira arceaux. Galibi itace ne da aka turara da tururi aka lanƙwasa, ƙafafunsu suna shiga cikin bututun ƙarfe ko suna haɗe da ƙarafa masu gaɓa da ke juyawa a gefen bodi. A motocin farko sai mutum biyu ke ɗaga rumfa, domin bakunan gaba suna da nasu gindin kusa da kujerar direba, kuma ana ɗaure goshin rumfar da maɗaurin fata zuwa gaban mota. Daga baya aka fito da wadda mutum ɗaya ke iya ɗagawa, mai manne wa saman gilashin gaba. Ford ta karɓi wannan tsari a samfurin 1923.

Siffar rumfa gaba ɗaya daga bakunan take fitowa, yadi bin su kawai yake yi. In ɗaya ya karkace da santimita guda, rumfar za ta yi ƙunci a gefe ɗaya ta yi tattara a ɗayan, kuma babu gwanin ɗinkin da zai iya ɓoye wannan. Don haka ana miƙe ƙarafan da suka lanƙwashe, a sake ƙusoshin gaɓoɓin da suka side, a gwada ɗagawa da saukewa sau da yawa babu yadi. Bayan haka a tsayar da motar a ƙasa mai daidai, a kafa bakunan a matsayinsu da ƴan sanduna na wucin gadi, a auna daga kowane gefe zuwa bodi har sai hagu da dama sun zo ɗaya. A ƙarshe mai aikin ya ja baya ya dubi layin daga gefe, ya gwada shi da tsoffin hotunan masana'anta.

Abin da ke riƙe tazarar bakunan dindindin shi ne ɗamaru biyu masu ƙarfi da ake bugawa daga gaba zuwa baya. A kan kafaɗun, hagu da dama, ana shimfiɗa dogayen matasai marasa kauri masu auduga a ciki, don kada ƙashin bakunan ya fito ta jikin yadi ko ya cinye shi.

Yanka da ɗora yadi

Yadin rumfa ba tampol ɗin kasuwa ba ne. Hawa uku gare shi: yadi a waje, siririyar roba a tsakiya mai hana ruwa, da wani yadin a ciki. Wasu motocin, irin su Ford, sun zo da baƙin yadi mai shafen roba a sama da zanen fata. Kamfanin Haartz na Amurka, wanda ya fara wannan sana'a tun 1907, yana cikin masu yin irin waɗannan yadudduka har yanzu. Ledar zamani mai ƙyalli tana hana ruwa, amma tana tona asirin gyaran nan take.

A nan tsohuwar rumfa tana iya yaudara. Shekaru sun sa ta ƙanƙance a wani wuri ta saki a wani, don haka tana nuna inda ɗinki yake da siffar tagar baya, amma ba a yanka sabon yadi daidai da ita. Ana fitar da sabon zubi a kan bakunan da aka riga aka daidaita, da takarda mai kauri ko yadi mai araha, a bar rarar santimita kaɗan a kowane baki.

Ana fara ɗora bangon baya, wanda ke ɗauke da taga, daga bakan ƙarshe zuwa bodi. Sa'an nan saman, wanda yawanci ƙyalle uku ne, na tsakiya da na gefe biyu, da ɗinki biyu da suka bi tsawon mota. Ana ɗora bakin na tsakiya a kan na gefe don ruwa ya gangara ya wuce ba tare da ya shiga ɗinkin ba. A zana layin tsakiya da alli a kan yadi da kan bakuna, a fara buga ƙusa daga nan ana tafiya gefe, hagu kaɗan, dama kaɗan. Ƙusoshin farko rabi ake buga su, don a iya cirewa a sake ja. A Turai ana jiran rana mai ɗumi ko a ɗumama ɗakin, domin yadin da aka ja cikin sanyi yakan saki ya yi jaka da zarar zafi ya zo. Ja fiye da kima kuma yana sa rumfar ta ƙi kaiwa gilashi, ko ta tsinke ɗinki in yadi ya sha ruwa ya ƙanƙance.

Sai an gamsu babu tattara ake nutsa ƙusoshin, a yanke rara, a rufe kawunansu da datsi. Yanke rara shi ne matakin da ba a komawa baya, shi ya sa wasu ke barin rumfar a ɗage kwana biyu ko uku ta zauna kafin su sa almakashi.

Saura labulen gefe, waɗanda ake maƙalawa in ana ruwa. Tagoginsu a da na seluloyid ne, wani abu mai kama da gilashi da ke lanƙwasuwa, amma yana yin rawaya, yana tsagewa, kuma yana kama wuta da sauri. Yau ana sa leda mai haske a madadinsa. Wannan yana cikin sauye-sauyen da kusan kowa ya yarda da su, saboda direba ya ga hanya.

Bayan an gama

Rumfa ba a naɗe ta da danshi, domin funfuna na cin zare. In za a sauke ta, ana jawo yadin daga tsakanin ƙarafa da hannu don kada gaɓa ta cije shi, a rufe da rigarta. Motar da za ta daɗe a ajiye ana barin rumfarta a ɗage. Fata kuma maƙiyanta rana kai tsaye da iska mai tsananin bushewa, irin ta hunturu a Sahel, sai kuma yawan shafa mai. Goge ƙura da ƙyalle mai laushi da ajiya a inuwa sun fi kowane man kanti amfani.

Abin da ya shafi masu sana'ar yankinmu

A Faransa wannan aiki sana'a ce mai takardar shaida, ana koyonta a makarantun sana'a da kuma wajen ƙungiyar Compagnons du Devoir. Amma hannun da take buƙata sananne ne a Damagaram, Maraɗi, Garwa da Njamena. Badukun da ke cusa sirdi ya san yadda ake rarraba ciko don ya ɗauki nauyi. Mai ɗinkin kujerun mota a bakin tasha, da mai yi wa a-daidaita-sahu rumfa, kullum suna jan yadi a kan ƙarfe mai lanƙwasa.

Bambancin yana wajen manufa. Gyaran yau da kullum yana neman mota ta koma hanya da wuri kuma da araha. Gyaran tarihi yana neman ta koma yadda take. Ma'aunin FIVA na motar tarihi yana farawa daga shekara 30, kuma da wannan lissafi Peugeot 404 mai tampol da tsoffin Land Rover masu rufin yadi, da har yanzu ake gani a garuruwan Nijar, Kamaru da Chadi, sun riga sun kai shekarun shiga sahu. Duk wanda irin wannan mota ta faɗo hannunsa da kujerunta na asali, ko da sun yage, abin da ya fi masa shi ne ya ɗauki hotonsu, ya auna su, ya adana tsummokaran a busasshen wuri kafin ya miƙa ta ga mai ɗinki.